Zagayen Tarihin Unguwannin Kano da Wayar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da malaman makaranta da baƙi, har ma da 'yan gari, waɗanda suke so su taka unguwannin Kano da ƙafa suna bin tarihinsu ba tare da ɗan jagora ba, sai taswira da bayanin da ke cikin wayarsu. An fara da abin da mai farawa yake buƙata, sannan aka gangara zuwa ga mai son shirya wa unguwarsu irin wannan zagaye.

Mene ne ainihin wannan zagaye, kuma da me ya bambanta da yawon buɗe ido da aka saba?

Hanya ce da wani ya riga ya bi ya zana a taswira, ya sa mata zango-zango, kowane zango kuma ya haɗa shi da bayani a rubuce ko a murya, wani lokaci har da tsohon hoton wurin. Mai zagaye yana buɗe taswirar a wayarsa, ya bi ta, idan ya iso zango ya karanta ko ya saurara, sannan ya wuce. Babu wanda zai ce masa ya yi sauri, kuma yana iya yanke tafiyar yau ya ƙarasa wani makon.

Bambancinsa da yawon da aka saba shi ne ba manyan wurare kaɗai yake kai mutum ba. Ɗan jagora yakan ɗauki baƙo a mota daga Gidan Makama zuwa marinar Ƙofar Mata zuwa Dutsen Dala, abin da ke tsakani kuwa sai dai a hango shi ta taga. Tarihin unguwa kuma a tsakanin yake: a sunan lungu, da tsohuwar rijiya, da masallacin da layin ya karkace domin ya kauce masa.

Wace irin waya nake buƙata, kuma dole ne sai da data?

Kowace waya mai buɗe taswira ta isa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne na'urar da ke nuna inda mutum yake tsaye daga tauraron ɗan adam take karɓar saƙo kai tsaye, ba ta cin data. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar da hotuna da murya, su kuma ana iya sauke su tun a gida. Google Maps yana ba da damar sauke yanki guda a ajiye, haka nan manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd, waɗanda suke dogara da taswirar OpenStreetMap, an gina su ne domin su yi aiki ko babu intanet.

Batir ya fi data zama matsala, domin hasken rana yana tilasta wa mutum ya ƙure hasken fuskar waya, nuna wuri kuma yana shan caji. A fito da waya cike, a riƙo abin caji na tafi-da-gidanka idan akwai. Idan za a saurari murya, a sa abin sauraro a kunne ɗaya kawai, ɗayan a bar shi ga a-daidaita-sahu da masu baro.

Daga ina ya kamata mai farawa ya soma?

Daga cikin Birni, domin zangunan suna kusa da juna kuma akwai abin gani da ido. Wuri mafi dacewa shi ne Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wanda ya fara da shi zai shiga gari da ƙofofin ganuwa da jerin sarakuna a kansa. Daga nan sai Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, sai a zagaya zuwa babban Masallacin Juma'a, wanda gininsa na yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, sai Kasuwar Kurmi, a ƙare a kan Dala inda ake hango duk abin da aka taka.

Tsakanin waɗannan wurare ne sunayen unguwanni suke ba da labarin waɗanda suka zo suka zauna: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda fataken Larabawan Arewacin Afirka suka yi gidaje, Sharifai da ake danganta ta da zuriyar Shehu Magili, da Madabo ta malaman Wangarawa. Kada mai farawa ya ce zai haɗa su duka rana ɗaya. Kilomita uku da zango takwas zuwa goma sun isa cin awa biyu, sai dai idan mutum bai tsaya gaisawa da kowa ba, wanda kuma kuskure ne, kamar yadda amsar da ta shafi izinin shiga unguwa za ta nuna a gaba.

Me ya sa ake sa unguwannin Waje a cikin zagayen tarihi, alhali ba su da tsufa kamar Birni?

Domin Kanon da muke ciki yau a Waje aka ƙera rabinta. Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, amma ba su zauna a cikin ganuwa ba; sun kafa barikinsu da ofisoshinsu a gabas, wajen Nassarawa da Bompai. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa na ƙasa kuma yana nan har yau ana shiga. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo bayansa nan da nan, a 1913 kuma aka yanka filayen Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, da tsofaffin sojoji da leburori.

Wannan rarrabuwa ba haka kawai ta faru ba, tsari ne na mulki: Bature a unguwarsa da fili ya raba shi da kowa, baƙon kudu a tasa, Birni kuma a hannun Sarki da En'e. Mai tafiya da ƙafa yana jin wannan tsari a jikinsa fiye da mai karanta shi a littafi, domin cikin tafiya guda zai fito daga lungunan da suke murɗewa ba ƙa'ida, ya faɗa layukan Sabon Gari da aka ja a miƙe, sannan ya isa manyan titunan Nassarawa masu itatuwa da faffaɗan filayen gidaje. A ganina zagayen da ya tsaya a bakin ganuwa ya bar labarin a tsakiya, kuma unguwannin Waje ne suka fi buƙatar a rubuta tarihinsu da gaggawa, domin tsofaffin gine-ginensu ba su da mai kare su, kuma kowace shekara sai an rushe wasu an kafa rukunin shaguna.

To, a Fagge da Sabon Gari me zan tsaya in duba?

Fagge ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Nan ne masaukin ayarin Azbinawa da sauran fataken da suke sauke raƙuma a wajen ganuwa kafin su shiga kasuwa. Bayan zuwan jirgi aka tsara ta da layuka, 'yan kasuwar Labanan da Siriya suka kafa kantuna a kudancinta, inda Kantin Kwari ya bunƙasa har ya zama babbar kasuwar yadi da atamfa. Mai zagaye ya ɗaga kai sama da allunan talla: a nan ake ganin tsofaffin benaye masu baranda, shago a ƙasa, iyali a sama.

A Sabon Gari kuwa sunayen tituna su ne kundin tarihin. Akwai Abeokuta Road da Enugu Road da Warri Road, akwai Freetown da Gold Coast, sunayen da suke nuni da wuraren da mazauna unguwar suka fito. Akwai tsofaffin coci-coci da makarantun mishan da masallatai, akwai kuma babbar kasuwar da yanzu take ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi. A wannan unguwa ce aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, don haka mai son tarihin siyasa yana iya haɗa wannan zango da gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin ƙafa, sai a hau a-daidaita-sahu.

Na isa zango amma ban ga komai ba sai shaguna. Taswirar ce ta yi kuskure?

Yawanci ba ita ba ce, abin ne ya tafi. Ganuwar Kano, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO domin a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya, ta zaizaye a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta an yi gini, wasu sassan kuma an yanka su filaye. Tsohuwar Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 lokacin faɗaɗa titi, abin da ke tsaye a wurin yanzu sabon gini ne. Dalar gyaɗa, wadda aka riƙa jera dubban buhuna har ta zama alamar Kano a idon duniya, babu ko ɗaya. Sai filin da sunan ya bi. Kududdufai da yawa da aka haƙa domin ƙasar gini an cike su.

A irin wannan wuri ne waya take yin aikin da allo ko ɗan jagora ba za su iya ba. Mutum yana tsaye a inda mai ɗaukar hoto ya tsaya shekaru saba'in ko ɗari da suka wuce, hoton yana hannunsa, yana gwada shi da abin da ke gabansa, sai ya gane cewa gangaren da motoci suke hawa ragowar ganuwa ne. Saboda haka zango mara gini ba zangon banza ba ne, matuƙar wanda ya shirya zagayen ya sa tsohon hoto ko zane, ya kuma faɗi ta wace fuska za a tsaya a duba. Idan bai yi haka ba, aikinsa bai cika ba.

Alamar da ke nuna inda nake tana tsalle-tsalle a cikin lungu. Yaya zan yi?

A fili, waya takan nuna wuri da kuskuren mita kaɗan. A lungu mai dogayen katangu, ko ƙarƙashin rumfunan kwano na Kurmi, saƙon tauraro yana raunana, kuskuren ya ƙaru har ya jefa mutum a layin da ba shi ba. Ƙari a kan haka, lunguna da yawa na cikin Birni ba a zana su a taswira ba. A fito wuri mai sarari a ɗan dakata, alamar za ta daidaita. Idan ba ta daidaita ba, a tambayi mai shago ko dattijon da ke zaune a dakali da sunan wurin, ba da sunan titin da ke taswira ba, domin da masallaci da gidan wane ake kwatance a Birni. Matambayi ba ya ɓata.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da safe bayan rana ta ɗan ɗaga, ko bayan la'asar. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, tafiyar tsakar rana kuma wahala ce kawai. Da damina lungunan da ke kusa da Jakara sukan yi caɓi. Ranar Juma'a daga hantsi hanyoyin da ke kewaye da manyan masallatai suna cushewa, Lahadi kuma yawancin shagunan Sabon Gari a rufe suke, wanda ya sa ta fi daɗi ga mai son kallon gine-gine. Ranakun hawan Salla da ranar Takutaha, lokacin da jama'a suke hawa Dala, ranakun kallo ne, ba na bin taswira ba.

Ina buƙatar izini kafin in shiga unguwa ko in ɗauki hoto?

Bin titi ba ya buƙatar izinin kowa, amma unguwa ba gidan kallo ba ce, gidajen mutane ne. Wanda ya shigo lungu yana ɗaga waya yana nuna ƙofofi ba tare da sallama ba zai ja wa kansa zargi, kuma da gaskiyar masu zargin. A yi sallama, a gaida dattawa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Idan ƙungiya ce ko 'yan makaranta, a fara zuwa wurin mai unguwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Sau da yawa shi zai haɗa ku da wanda ya fi kowa sanin tarihin wurin. Iyakar baƙo namiji zaure, kuma ba a ɗaukar hoton mata ko yara ko almajirai a makarantar allo sai da yardar masu su.

A marinar Ƙofar Mata da wurin masu bugu da rumfunan dukawa, mutane sana'arsu suke yi, don haka a nemi izini kafin hoto, kuma ya kyautu a sayi wani abu ko a yi ihsani. A fada da barikin soja da ofishin 'yan sanda da duk inda aka ga masu tsaro, a mayar da waya aljihu sai an tambaya. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna da nasu ka'idojin shiga da na ɗaukar hoto, a tambaya a ƙofa.

Yaya zan gane ko bayanin da ke cikin zagayen gaskiya ne?

A duba ko marubucin ya bambanta abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru da abin da aka gada a baka. Zuwan jirgin ƙasa, ko saukar jiragen sama na farko a Kano a watan Nuwamba na 1925, abubuwa ne masu takardu. Shekarun sarakunan farko kuwa, kamar 999 da ake ba Bagauda ko 1095 zuwa 1134 da ake ba Gijimasu wanda ya fara ganuwa, lissafi ne da aka yi da baya-baya daga tsawon mulkin kowane sarki kamar yadda tsohon kundin tarihin Kano na Larabci ya kawo, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908. Haka shekarar 1498 da ake ba marinar Ƙofar Mata, abin da aka gada ne. Wannan bai rage musu daraja ba, amma zagaye na gari zai ce "an ce" a inda ya kamata a ce "an ce".

Yawan ƙofofin gari ma misali ne. Za a ji wani ya ce goma sha uku, wani ya ce goma sha biyar, kuma kowannensu yana iya zama daidai gwargwadon zamanin da yake nufi, domin an faɗaɗa ganuwar fiye da sau ɗaya, an kuma huda sababbin ƙofofi irin su Sabuwar Ƙofa a ƙarni na ashirin. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne bayanin da aka kwafo daga Facebook ko WhatsApp, musamman tsofaffin hotuna da ake liƙa musu sunan Kano alhali a Zariya ko Katsina aka ɗauke su.

Ina so in shirya wa unguwarmu irin wannan zagaye. Ta ina zan fara?

Da ƙafa za a fara, ba da kwamfuta ba. A zagaya unguwar da dattijo ɗaya ko biyu, a rubuta duk wurin da suka tsaya suka ce "nan da can", a sa alamar kowane wuri a waya. Za a tara wurare fiye da yadda ake buƙata, sai a zaɓi kamar goma waɗanda labari ɗaya ya haɗa su, misali yadda kasuwa ta haifi unguwar, ko yadda wata sana'a ta shigo ta kuma fita. Sannan a gwada abin da aka ji da abin da ke rubuce: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da ɗakin karatun Jami'ar Bayero inda kundayen ɗalibai kan tarihin unguwanni suke jibge, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Wajen ɗora shi, hanya mafi sauƙi ita ce Google My Maps, inda ake sa alama da rubutu da hoto a kowane zango, a ja layin hanya, a tura wa mutane adireshin. Rauninsa shi ne yana buƙatar intanet kafin ya buɗe, amma ana iya fitar da taswirar a fayil na KML, wato nau'in fayil mai ɗauke da alamomin taswira, a shigar da shi Organic Maps, wadda take aiki ko babu intanet kamar yadda amsar da ta shafi data ta yi nuni. Mai son murya ta riƙa tashi da kanta idan an iso zango yana iya duba dandali irin su izi.TRAVEL ko VoiceMap. Kafin a saki zagayen, a ba wanda bai san unguwar ba ya bi shi shi kaɗai. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, kwatancen wurin yana buƙatar gyara.

Rubutu ya fi ko murya, kuma da wane harshe?

Murya ta fi, domin ido yana kan hanya, kuma tana isa ga wanda karatun boko bai zauna masa ba. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa kowane zango. Abin da ya wuce haka mutum a tsaye cikin rana ba zai saurara ba. Minti ɗaya na magana bai fi rabin megabait ba idan an matse shi, don haka zagaye guda yana iya tafiya ta WhatsApp. A yi shi da Hausa tukuna, sannan a ƙara Turanci saboda baƙi, a Sabon Gari kuma babu laifi a ji Yarbanci ko Ibo daga bakin waɗanda kakanninsu suka gina layin.

Idan za a sa muryar dattijo, a gaya masa a fili cewa duniya za ta ji, a nemi yardarsa da ta iyalinsa, a kuma ba su kwafi. Kada a sa alama a kan gidan da mutane suke ciki sai sun amince, domin alamar taswira gayyata ce ga duk wanda ya ga dama.

Abubuwa masu ɗaci fa, kamar cinikin bayi ko rikicin 1953, a sa su ko a bar su?

A sa su, amma da awo. An sayar da bayi a Kurmi, kuma zagayen da ya yi maganar fata da kore da goro ya tsallake wannan ya yi ƙarya ta hanyar shiru. Haka rikicin watan Mayu na 1953, wanda aka gwabza a tsakanin Fagge da Sabon Gari, yana cikin abin da ya sa unguwannin biyu suke yadda suke. Ka'idar ita ce a faɗi abin da ya faru da lokacinsa da abin da ya jawo shi, kada a ambaci asalin wani gida da zuriyarsa suke raye, kada kuma a ɗora wa wata ƙabila laifi a jimlace. Idan ɓangarori biyu suna da riwaya biyu, a kawo duka, kamar yadda aka yi bayani a amsar tantance gaskiya. Ya kyautu kuma mutanen unguwar da abin ya shafa su saurari zangon kafin a sake shi.

Bayan an gama, wa zai riƙa kula da shi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita. Shagon da aka yi kwatance da shi yakan canza suna, a rufe lungu, a gina gadar sama a inda aka ce a tsallaka, saboda haka a sake bin hanyar aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan damina, a kuma rubuta ranar gyara na ƙarshe a farkon zagayen. Kada kalmar sirrin shiga dandalin da aka ɗora zagayen ta zauna a hannun mutum ɗaya. A sa ta a hannun ƙungiyar unguwa ko makaranta. Hotunan da mutum ya ɗauka da kansa yana iya ɗora su a Wikimedia Commons, wato ma'ajiyar hotuna ta kyauta a intanet, bayanin da ke da madogara kuma a Wikipedia ta Hausa, domin ko dandalin da aka yi amfani da shi ya rufe, kayan suna nan. Idan an liƙa lambar QR a bango, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya ya buɗe shafi, a nemi izinin mai bangon, a rubuta sunan wurin da jimla biyu na bayani a ƙarƙashinta saboda wanda ba shi da data, a kuma buga ta a kan ƙarfe ko roba, domin takarda ba ta wuce damina ɗaya.